Littattafan Star Trek sun daina shiga aljihu, ra'ayina bayan na gama Coda

Jiya da daddare na rufe littafi na uku na Coda, wato jerin littattafan Star Trek guda uku masu labari ɗaya, kuma tunda na yi alkawarin zan faɗi yadda na same su to ga shi, amma ku yi haƙuri maganar tawa ta fi karkata kan jikin littafin da kuɗinsa fiye da labarin da ke ciki, don abin da ya fi tsaya min a rai ke nan.

Ni tun ina sakandare nake karanta littattafan Star Trek, wato shirin talabijin ɗin nan na Amurka na tafiye-tafiye a sararin samaniya. A wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi na fara cin karo da su, an jibge su tare da na soyayyar Turawa da na 'yan leƙen asiri, duk girmansu ɗaya kamar an yanka da wuƙa guda. 'Yan ƙanana ne, faɗi inci 4 da ɗan wani abu, tsayi wajen inci 7, takardar mai araha irin wadda take yin ja-ja in ta kwana biyu, rubutun kuma a cunkushe. Kamfanin Pocket Books ne yake buga su tun 1979, kuma wallahi sunan ya dace da su, tunda pocket aljihu ke nan da Turanci, don aljihun gefe na kaftani suke shigewa tsaf, in hau mota da shi in zaro shi a layin banki ba wanda ya san ina ɗauke da komai. Akwai ma wani da na saya ba bango sam, na ɗauka yara ne suka yage shi, sai daga baya na gane ashe tsarin kasuwar Amurka ne haka, irin waɗannan ƙananan in sun ƙi sayuwa mai shago bangon kawai yake yagewa ya aika wa kamfani a mayar masa da kuɗinsa, sauran jikin kuma a lalata. Nawa dai Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tsallako teku har ya faɗo hannuna.

Shekaru da yawa farashinsu dala 7.99 ne a bango, kuma kusan kowane wata sai sabo ya fito. To a 2017 da aka fara sabon shirin Star Trek mai suna Discovery a talabijin, littafinsa na farko, Desperate Hours na David Mack, sai ya fito a babban girma da tambarin Gallery Books, wanda shi ma ɗan gida ɗaya ne da Pocket a ƙarƙashin Simon & Schuster, farashi dala 16. Na ce to wataƙila don sabon shiri ne ake masa gata. 2018 kuma sai abin ya yi tsit, 'yan kaɗan ne suka fito saboda ana ta zaman sabunta lasisi, mu masu jira muka yi ta zuba ido. Da aka dawo a 2019 da Available Light na Dayton Ward sai ga shi shi ma a babban girman nan, daga nan kuma shikenan ƙaramin ya tafi ke nan. Ba a ma tsaya nan ba, littafin farko na shirin Star Trek na Picard da Una McCormack ta rubuta a 2020 mai kaurin bango ne, haka na farko na shirin Strange New Worlds a 2023, su kuwa kuɗinsu ya haura dala 20 nesa ba kusa ba.

Coda ɗin nan uku ne, sun fito a 2021, Dayton Ward ya yi na farko, James Swallow na biyu, David Mack ya rufe. Wani ƙanen abokina ne da ya dawo hutu ya riƙo min su a jaka, don in na ce aiko min za a yi kuɗin aike kaɗai ya isa ya sa in fasa. Lissafin ba wuya, 16 sau uku dala 48, abin da a tsohon farashi bai wuce dala 24 ba. Ka juya shi zuwa naira a lokacin da dala ta wuce 1,500 ka ga an haura dubu 70, kan littafi uku fa. Uwargida da ta ji sai da ta ajiye ludayi ta kalle ni, ban ce komai ba don ba ni da ta cewa.

Amma gaskiya in an zo maganar riƙewa a hannu ba zan yi musu ba, sabon ya fi daɗi. Takardar ta fi haske, rubutun ya ɗan girma an kuma ba shi fili ya sha iska, ni da yanzu sai da tabarau nake karatu na ji bambancin sosai, na yi awa biyu a zaune idona bai yi yaji ba. Yana buɗuwa ba sai ka danne shi da babban yatsa kamar kana kokawa da shi ba, bayan na gama ukun duka gadon bayansu bai karye ba, alhali tsofaffin nan karatu ɗaya za ka ga fararen layuka sun fito a baya. Zanen bangon ma ya fi fitowa. Wannan duk na ba su.

Matsalar ita ce ba ya shiga aljihu, na gwada, rabi a ciki rabi a waje kamar na sato shi. Ya koma littafin gida, sai ka zauna ka ce yau karatu zan yi, alhali ni abin da ya haɗa ni da waɗannan littattafan tun farko shi ne ba sa buƙatar wani shiri, kamar gyaɗa ce a hannu. Sannan a dala 8 mutum yana iya sayen wanda bai tabbatar da shi ba ya ce in bai yi daɗi ba wata mai zuwa akwai wani, a dala 16 kuwa sai ka tsaya ka yi ta tambaya kafin ka sa hannu, ga shi kuma yawan da suke fitowa a shekara ya ragu.

Na dai fahimci dalilinsu. Ƙananan nan a kantunan cefane da shagunan magani da filin jirgi ake sayar da su da yawa, wuraren kuma sun rage musu gurbi, masu karanta su da dama sun koma waya da na'urar karatu ta Kindle, ribar da ke kan kowane ɗaya kuma 'yar kaɗan ce sai an sayar da tuli. Mu ma ai mun ga irin haka, littattafan marubutanmu na Kano da ake saye na ɗaya na biyu na uku yanzu yawanci a waya ake karanta su. Masu karanta littattafan shirin talabijin na Doctor Who a Ingila ma tun 2005 aka mayar musu da nasu masu kaurin bango.

Labarin kansa fa? An yi shi ne don a rufe zaren da littattafan suka yi ta ja tun 2001 bayan ƙarewar shirin Star Trek na Deep Space Nine, saboda shirin Picard ya zo ya bi wata hanya daban, doka kuma ita ce abin da aka nuna a allo shi ne gaskiya, littafi dole ya bi. Ba zan ɓata wa kowa ba, amma mutuwa ta yi yawa, har ta kai in an kashe wani sai in ce to Allah ya jiƙansa in juya shafi, mutanen da na yi shekara 20 tare da su fa. Na biyun ya fi min sauran, na ukun yana da wurare biyu da suka taɓa ni ƙwarai amma ya ja da yawa. In ba ka karanta littattafan Destiny na 2008 da na bayansa ba kar ka fara da wannan, za ka ɓace. Labari na ba shi 6 cikin 10, jikin littafi 8, farashi kuwa kar ma a tambaye ni.

Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi irina ya bi ta e-book, akan sauke farashin wasu daga cikin na Star Trek ƙasa sosai, in katinka na banki ya yarda ya biya dala to ka more, ta nan na cike giɓin da nake da shi na tsofaffin. Coda ɗin kuma yanzu haka suna kwance a kan sauran, don kafinta ya auna min kantar ne da tsayin ƙananan, na sa su a tsaye suka ƙi shiga.