Sati shida a ajin kalkulas na WhatsApp: kuɗina bai tafi a banza ba

Bara na faɗi MTH 102, kwas ɗin kalkulas (wani reshe na lissafi) na 'yan aji ɗaya a jami'a, na kwaso kariyoba. Da zangon ya sake zagayowa wata ƙawata ta sa ni a wani rukunin WhatsApp da wani ɗalibin digiri na biyu yake koyarwa, naira dubu biyar na sati shida. Na biya ina gunaguni, don a raina na riga na yanke cewa kaina ne ba ya ɗaukar intigireshan, wani babban ɓangare na kalkulas.

Ranar farko Malam bai taɓa kalkulas ba. Tambayoyi goma ya turo, duk aljebara ce ta sakandare, ya ce kowa ya yi a takarda ya ɗauki hoto. Har na ji haushi, ni da na zo koyon abin jami'a. Huɗu na ci.

Ga wadda ta fi ba ni kunya. An ba ni 1/(x+2), sai na raba shi gida biyu, na rubuta 1/x + 1/2, don in samu sauƙin aiki. Malam ya zagaye wurin da jan biro ya rubuta a gefe: "Malama, sa 2 a madadin x ki gani." Na sa. Na farko ya ba ni 1/4, nawa ya ba ni 1. Ashe ana iya raba abin da ke sama, amma na ƙasa ba ya rabuwa. Shekara guda ina yin wannan a jarrabawa, ina zargin malamin da ya yi makin. Irinta ce kuma (x+3)², da nake mayarwa x²+9 in watsar da 6x a hanya, da kuma √(x²+9) da nake ɗauka x+3 ne. Sa 4 ka gwada na ƙarshen: amsar gaskiya 5 ce, tawa 7.

Wannan dabarar ta gwadawa da lamba ita ce babban abin da na tsinta. Ba ya ce maka ka yi kuskure ya wuce, sai ya sa ka kama kanka da hannunka. Ya taɓa gaya mana cewa kalmar aljebara daga Larabci ta fito, daga "al-jabr" da ke cikin sunan littafin da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma ana amfani da kalmar wajen ɗorin karaya. Tun daga ranar, duk wanda ya yi ɓarna a rukunin sai ya ce masa, "Ɗorinka ya karkace, kwance ka sake."

Da muka shiga intigireshan ɗin kansa sai na ga ƙa'idar ba ta da yawa: ƙara ɗaya a kan lambar da ke saman x, ka raba da sabuwar lambar. Inda ake zamewa shi ne idan lambar tana da alamar ɗebewa. x⁻² idan ka ƙara ɗaya x⁻¹ yake komawa, amma rabin ajin x⁻³ muka rubuta, har da ni. Haka 1/(3x²), mutane su ɗaga 3 ɗin sama tare da x, alhali yana nan a ƙasa bai motsa ba. Sai maganar baka, wato alamar ( ). Idan aka ce a yi intigireshan ɗin x² daga −1 zuwa 2, lissafin 8/3 − (−1/3) ne, amsa 3. Ka yi ƙyuya ka ƙi sa baka, sai ka tashi da 7/3, maki ya tafi a kan alama ɗaya. Batun manta +C ɗin da ake ƙarawa a ƙarshen amsar intigireshan kuwa, tara ya sa mana: duk wanda ya manta zai warware ƙarin tambayoyi biyar kafin gobe.

Amma akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Saƙon murya yake yi na minti goma sha biyar, ba ka iya gano inda bayanin da kake nema yake sai ka saurara tun daga farko, ga data tana tafiya. Wani lokacin sai ƙarfe sha ɗayan dare yake turo gyara, lokacin waya ta mutu ba wuta. Sannan saboda ya daɗe a kan aljebara, ɓangaren sin da cos, wato lissafin kusurwa, a guje aka yi shi cikin kwana uku na ƙarshe, ban fita da shi yadda nake so ba. Rukunin ma ya yi yawa, mun haura hamsin, wani lokacin hoton aikinka sai ya nutse a ƙarƙashin gaishe-gaishe.

Wanda ya riga ya iya aljebara, wannan aji zai gundure shi, gara ya nemi wani. Mai irin matsalata kuwa, ina ba shi shawara ya shiga, ya kuma tura aikinsa da sassafe kafin rukunin ya cika da surutu. A gwajin tsakiyar zango na ci 21 cikin 30, bara 8 na samu. Maki biyu daga cikin tara da na rasa, baka ce na sake mantawa.