Akwatin ajiyar bayanai na ofis: wa za ka ba mabuɗi?

Mai sayen NAS, wato akwatin nan mai faifan ajiya da kwamfutocin ofis ke zuba fayiloli a cikinsa, yakan fara da tambayar terabait nawa. Ni kuwa nakan ce a fara ƙirga mutane: akanta, sakatariya, yaron da ke gyara kwamfuta, da maigida. Ranar da ɗayansu ya bar aiki, minti nawa zai ɗauke ka kafin ka rufe masa ƙofa ba tare da ka tsayar da sauran ba?

NAS ɗin kamfanin Synology na Taiwan ya fi sauƙin hannu. A manhajarsa DSM kana kafa rukuni, misali "masu kuɗi", ka ba rukunin izini a kan folda: karatu kawai, karatu da rubutu, ko babu shiga. Sabon ma'aikaci sai ka jefa shi rukuninsa, shi ke nan. Abin da ke rikita mutane shi ne, idan mutum yana rukuni biyu, ɗaya ya ba shi dama ɗaya ya hana shi, hanin ne ke yin nasara. Tun DSM 7 da ya fito a 2021 kuma, ana iya wakilta wani ya riƙa buɗe asusu da sauya kalmar sirri ba tare da an mai da shi cikakken admin, wato mai iko da komai, ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin saye ga ofishin da mai gyaransa ɗan haya ne.

QNAP, shi ma daga Taiwan, ya kawo irin wannan wakilci a QTS 5.1 a 2023. Sai dai kada a manta da mugayen manhajojin nan, Qlocker a 2021 da DeadBolt a 2022, waɗanda suka kulle fayilolin na'urorin QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, suka nemi kuɗin fansa. Idan shi ka zaɓa, kashe tsohon asusun "admin", ka kunna shiga mai mataki biyu (kalmar sirri da ƙarin lambar tabbaci), kada ka buɗe shi ga duniya don kawai maigida na son leƙawa daga waya.

TrueNAS manhaja ce ta kyauta, na'urar kai za ka kawo, da RAM aƙalla gigabait 8. Izininsa yana da zurfi, har ƙaramar folda a cikin folda, kuma daga sigar 24.04 akwai admin mai gani kawai da admin mai kula da rabon folda. Amma yana son mai sani. In ba ka da shi a kusa, kuskure ɗaya a izini sai ofis ya wuni yana kiran waya.

Unraid, shi ma manhaja, na gida ne. Yana karɓar faifai masu girma daban-daban, amma asusun root, wato babban asusu mai iko da komai, kaɗai ke shiga shafin sarrafawa, don haka duk wanda ka ba shi, ka ba shi gidan gaba ɗaya.

Ofishin da ke da Active Directory, wato tsarin Microsoft mai riƙe asusun ma'aikata a wuri ɗaya, ukun farko duk suna haɗuwa da shi. Kafin ka biya, sa mai kanti ya kunna na'urar, ya buɗe asusun gwaji mai karatu kawai, ka zauna da kanka ka gwada goge fayil da shi.