Ede ko Wageningen: Ina Ya Fi Dacewa da Ɗalibi Mai Iyali?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce ya samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin noma a Jami'ar Wageningen da ke ƙasar Holan, zai tafi da maiɗakinsa da ɗansu ƙarami, amma yawancin gidajen hayar da yake gani a intanet an rubuta Ede a jikinsu. Yana so ya san bambancin wuraren biyu da wanda ya fi dacewa da shi. Malam, Allah Ya sanya alheri a karatun, ga abin da ya kamata ka auna kafin ka biya kuɗin kafin alƙalami.

Wageningen da Ede maƙwabta ne a lardin Gelderland, sai dai kowannensu ƙaramar hukuma ce mai cin gashin kanta, wato abin da mutanen ƙasar suke kira gemeente, kuma girmansu ba ɗaya ba ne ko kusa. Wageningen tana da mutane kimanin dubu 40 a kan ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 33 ba, saboda haka garin da ƙaramar hukumar kusan abu guda ne, kuma duk wanda ya ce maka yana zaune a Wageningen, to keke zai kai shi jami'a cikin mintuna kaɗan. Ita kuwa Ede tana da mutane sama da dubu 120 a kan ƙasar da ta haura murabba'in kilomita 300, wanda ya sa take cikin ƙananan hukumomi mafiya faɗin ƙasa a Holan. Bayan birnin Ede kansa, akwai ƙauyuka da dama a ƙarƙashinta, irin su Bennekom da Lunteren da Otterlo da Harskamp da Wekerom da Ederveen, kuma tsakaninsu akwai daji da gonaki da gidajen kiwon kaji.

A nan ne baƙo yake yin tuntuɓe, domin gida biyu na iya kasancewa duka a ƙaramar hukumar Ede amma tazarar da ke tsakaninsu da jami'a ta bambanta ƙwarai. Harabar jami'ar tana gefen arewa na Wageningen, kuma Bennekom ne ƙauyen da ke manne da ita, ta yadda mazaunin Bennekom zai iya riga wanda ke kudancin Wageningen isa aji, alhali a takarda shi mutumin Ede ne. Daga kudancin birnin Ede, wajen tashar jirgin ƙasa, tafiyar keke ta kai kamar minti 25 a kan hanyar kekuna mai kyau. Wanda kuwa ya kama gida a Harskamp ko Otterlo saboda ya ga haya da sauƙi, ya ɗauko wa kansa tafiya mai nisa safe da yamma, kuma a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi ga ruwa da iska, wannan rangwamen ba zai yi masa daɗi ba. Don haka kada ka tsaya ga sunan ƙaramar hukuma, ka ɗauki cikakken adireshin ka sa a taswira ka ga mintunan da keke zai ci.

Ta fuskar sufuri Ede ce ke gaba, kuma ba da ƙaramar tazara ba. Wageningen ba ta da tashar jirgin ƙasa ko ɗaya. Tashar da ake kira Ede-Wageningen a cikin Ede take, an buɗe sabon gininta a 2024, kuma daga nan jirgi yana kai mutum Arnhem cikin ɗan lokaci, Utrecht cikin ƙasa da rabin awa, akwai kuma wani layin da ke bi ta Lunteren da Barneveld zuwa Amersfoort. Mazaunin Wageningen sai ya hau bas ko keke zuwa wannan tashar kafin ya fara tafiya. Babban asibitin yankin, Gelderse Vallei, shi ma a Ede yake, kuma ga mai ƙaramin yaro wannan ba abin rainawa ba ne.

Wajen zaman jama'a kuwa Wageningen ce ta fi sauƙin shiga ga baƙo. Tsohon gari ne da ya samu matsayin birni tun 1263, an kafa makarantar noma ta gwamnati a cikinsa a 1876, wadda ta zama babbar makaranta a 1918, kuma tun daga lokacin harkar ilimi ce ke juya garin. Ɗalibai daga ƙasashe sama da ɗari suna can, Turanci yana biya wa mutum buƙata a kanti da ofis, kuma da wuya ka je kasuwar ranar Asabar ba ka haɗu da ɗan Afirka ba. A otal ɗin De Wereld da ke garin ne aka zauna da kwamandan sojojin Jamus ranar 5 ga Mayun 1945, a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, kan miƙa wuyansu a Holan, shi ya sa duk shekara a wannan rana garin ke cika maƙil da bikin 'yanci. Matsalar Wageningen ɗaya ce, ƙarancin gidaje. Hukumar Idealis da ke bai wa ɗalibai masauki yawancin ɗakunanta na mutum ɗaya ne, kuma gidan da zai ɗauki miji da mata da yaro yana wuyar samu a farkon zangon karatu.

Ede ba garin ɗalibai ba ce, duk da tana da babbar makarantar Kirista ta CHE. Barikokin soja da aka fara amfani da su a 1906 da masana'antar zare ta ENKA da ta fara aiki a 1922 su ne suka mayar da ita birni, kuma bayan an rufe masana'antar a 2002, sojoji kuma suka tashi a 2010, an mayar da filayen biyu unguwannin zama. Ma'aikatan da aka ɗauko daga Turkiyya da Maroko a shekarun 1960 da 1970 sun bar zuri'a a birnin, saboda haka akwai masallatansu da mahautan halal, abin da zai sauƙaƙa maka sallar Juma'a da cefane. Ƙauyukan arewa kuwa suna cikin yankin Kiristoci 'yan Furotesta masu riƙo da addini sosai, inda ranar Lahadi za ka tarar da kantuna a rufe, tituna sun yi tsit, iyalai sun yi shiga mai duhu suna tafiya coci. Mutane ne masu kamun kai, amma wanda bai iya yaren ƙasar ba zai daɗe bai yi aboki a cikinsu ba. Abin da ƙaramar hukumar ke tinƙaho da shi shi ne gandun dajin Hoge Veluwe da gidan tarihin Kröller-Müller da ke Otterlo, mai tarin zanen Van Gogh da babu wanda ya fi shi yawa sai na Amsterdam, amma wannan wurin ziyarar ƙarshen mako ne, bai isa ya sa ka tare a can ba.

A ganina, da kai kaɗai za ka tafi, da na ce ka nemi ɗaki a Wageningen ka huta. Tunda da iyali ne, ka fara neman Bennekom, idan ba a dace ba sai kudancin birnin Ede kusa da tasha, ka bar ƙauyukan arewa sai in ba makawa. Ka kuma sani cewa rajistar zama ana yin ta ne a ƙaramar hukumar da gidanka yake, ba inda makarantarka take ba, kuma doka ta ce a yi ta cikin kwana 5 da isowa. Daga nan ne za a ba kowannenku lambar BSN, wato lambar shaidar mazaunin ƙasa, da ake nema wajen buɗe asusun banki da karɓar albashi. Idan ka kama gida a Bennekom, ofishin Ede za ka je, kuma kafin ka sa hannu a takardar haya ka tambayi mai gidan ko ya amince ku uku ku yi rajista da wannan adireshin, domin gidan da ba a yarda a yi rajista da shi ba zai jawo maka matsala a kan takardun zamanka.