Manhajar daidaita ikwashon: ta iya ƙirga, amma ba ta san gishiri ba

Sati uku ke nan ina amfani da wata manhajar waya mai daidaita ikwashon na kemistiri. Ƙanwata ce ta sa na sauke ta, saboda jarrabawarta ta gabato kuma babin haɗuwar asid da bes (sinadarin da ke kashe kaifin asid) ya tsaya mata a wuya.

Wajen ƙirga ba ta da laifi. HCl + NaOH → NaCl + H₂O ba ya buƙatar gyara, ta kuwa bar shi yadda yake. Da na ba ta H₃PO₄ da Ca(OH)₂ tare da abin da zai fito daga haɗuwarsu, kafin ƙiftawa da bismilla ta kawo 2H₃PO₄ + 3Ca(OH)₂ → Ca₃(PO₄)₂ + 6H₂O, har da teburin atom ɗin kowane ɓangare. Wannan teburi ya burge ni, don yaro yana gani da idonsa cewa babu abin da ya ɓace.

Inda gizo ke saƙa shi ne gishirin, wato sinadarin da ke fitowa tare da ruwa idan asid da bes suka haɗu. Sai kai ka rubuta mata abin da zai fito. Ƙanwata ta haɗa H₂SO₄ da NaOH, ta rubuta NaSO₄ a matsayin gishiri. Manhajar ta ce ba zai daidaitu ba, shi ke nan, ta yi gum. Ba ta faɗa mata cewa cajin SO₄ biyu ne, na Na ɗaya, don haka Na₂SO₄ ne daidai ba. Yarinya ta yi minti ashirin tana sauya lambobin gaba, alhali ciwon yana ƙaramar lambar ƙasa.

Daga baya takarda na ɗauko. Na ce wa ƙanwata ta ƙirga H nawa asid zai saki, OH nawa bes ke ɗauke da shi, tunda kowane H⁺ OH⁻ ɗaya yake nema su zama ruwa ɗaya. H₂SO₄ yana sakin biyu, sai a kawo NaOH biyu, ruwa biyu ya fito. Da wannan ta warware na H₃PO₄ ɗin da kanta: shida nan, shida can, ruwa shida.

Ga kuma tsantseni da haruffa: ka rubuta Co maimakon CO, ta ɗauka ƙarfen kobal kake nufi. Gaskiyarta ce, amma da ta yi gargaɗi. Tallace-tallacen kuwa sun yi yawa.

Tauraro uku na ba ta. Yanzu ƙa'idar da na kafa wa ƙanwata ita ce sai ta gama a takarda kafin ta taɓa wayar.