Contig na Sysinternals: ya iya ƙirga gutsattsarin fayil, amma kar lambar ta tsorata ku

Jama'a masu kula da SQL Server, manhajar databes ta Microsoft, yau Contig zan yi magana a kai, ɗan ƙaramin kayan aikin nan na Sysinternals da Mark Russinovich ya rubuta. Tun 2006 Microsoft ta sayi Sysinternals, toh daga shafinsu ake sauke shi kuma kyauta ne, ba a girka shi ma, kawai ka zuba shi a folda ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator shikenan. Aikinsa ɗaya ne, ya duba fayil guda ya gaya maka gida nawa ya rarrabu a kan faifai, in ka so kuma ya haɗe maka shi wuri ɗaya.

Abin da nake so da shi shi ne bai da surutu. Ka rubuta contig -a sai sunan fayil ɗinka na .mdf (na data) ko .ldf (na log), nan take zai ce maka fayil ɗin yana gutsure kaza. Ka ƙara -v in kana son ganin bayani dalla-dalla, -s kuma ya bi ƙananan foldoji, sannan -f yana nuna maka yadda filin da babu komai a faifan ya warwatse, wanda mutane ba su cika kula da shi ba alhali shi ne zai nuna ko ma akwai inda za a haɗe fayil ɗin. Difirag ɗin da ke zuwa da Windows, wato nasa kayan haɗe gutsattsarin fayil, faifan gaba ɗaya yake bi, kai kuma damuwarka fayil ɗaya ne ko biyu, a nan Contig ya fi shi nesa ba kusa ba.

Me ke sa fayil ɗin databes ya tarwatse tun farko? Yawanci girman da yake yi da kansa ne. Kafin SQL Server 2016 saitin asali shi ne fayil ɗin data ya ƙaru da 1 MB duk sanda ya cika, na log kuma da kashi 10 cikin ɗari, daga 2016 aka mayar da su 64 MB. Toh ka lissafa databes ɗin da ya taso daga ƙarami ya kai 10 GB da 1 MB 1 MB, ai ya nemi fili wajen NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayiloli da shi a faifai, kusan sau dubu goma kenan, kuma a tsakani ga bakof ana zubawa a faifan ga wasu fayiloli suna girma, dole ya samu fili nan kaɗan can kaɗan. In kuma wani ya kunna AUTO_SHRINK, saitin da ke rage girman fayil da kansa, abin ya ƙara lalacewa, fayil ya tsuke ya sake kumbura ya sake tsukewa. Dan Allah ku kashe wannan abin.

Inda nake da ja da masu yabon Contig kaman maganin komai shi ne, lambar da yake ba ka ba ta gaya maka ko kweri ɗinka, wato tambayar da kake aika wa databes, zai yi sauri. Rarrabuwa iri biyu ce kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai ta fayil a kan faifai, ita Contig ke gani. Akwai ta cikin fayil ɗin, wato shafukan indes (jerin da databes ke bi ya samo layi da sauri) masu 8 KB da suka fita daga jeri ko suka zama rabi babu komai saboda tsagewar shafi, irin wadda ake samu in mabuɗin tebur NEWID() ne, mai ba da lambobin da ba sa bin jeri. Wannan Contig bai san da ita ba sam, sai ka shiga sys.dm_db_index_physical_stats ka duba avg_fragmentation_in_percent, kuma ni na fi damuwa da avg_page_space_used_in_percent, mai nuna yadda shafukan suka cika, wanda ba ya fitowa in ka sa zurfin binciken a LIMITED sai ka sa SAMPLED ko DETAILED. Shafin da rabinsa wofi ne yana cin RAM yana cin karatu ko wane irin faifai kake da shi. Fayil zai iya zama gutsure ɗaya tal a wajen Contig amma cikinsa kaca-kaca.

Sannan irin faifan ma magana ce babba. Tsohon faifai mai juyawa na 7200 rpm, jiran juyawar kaɗai kusan milisakan 4 ne a matsakaici, ga kuma tafiyar allurar, duk tsalle ɗaya daga gutsure zuwa gutsure kuɗi ne. Inda ake jin sa sosai shi ne manyan rahotanni da ke karanta tebur daga farko zuwa ƙarshe, don SQL Server yana karatun gaba har 512 KB a tashi ɗaya in shafukan suna jere, in gutsattsarin ƙanana ne sai a yi ta yanka karatun. Amma kweri ɗin da ke ɗauko layi ɗaya ta indes, dama can tsalle yake yi, haɗe fayil ba zai canza masa wani abin kirki ba. In SSD ne babu allura babu juyawa, bambancin ya ragu ƙwarai. In kuma sabar taka virtual machine ce, wato kwamfutar da ke aiki a cikin wata kwamfuta, a kan VMware ko Hyper-V, ko faifan daga SAN yake, wato ma'ajiyar faifai da sabobi ke amfani da ita ta netwok, abin da NTFS ke kira jere ba lallai jere ba ne a ƙasa, Contig abin da NTFS ya gaya masa kawai yake faɗa.

Shi ya sa ni ba na yarda da lambar ita kaɗai. Kafin ka taɓa komai ɗauki sys.dm_io_virtual_file_stats ka raba io_stall_read_ms da num_of_reads, zai ba ka matsakaicin jiran kowane karatu a kowane fayil. Ka kunna SET STATISTICS IO ON da SET STATISTICS TIME ON ka gudanar da kweri ɗin da ake kuka da shi. A injin gwaji, ka yi CHECKPOINT sai DBCC DROPCLEANBUFFERS don a tilasta karatu daga faifai, in ba haka ba RAM kake aunawa kana zaton faifai ne. A injin gwaji na ce fa, kar ka yi wannan a sabar da ake ciniki da ita da rana tsaka. Bayan Contig ya gama ka maimaita daidai yadda ka yi. In physical reads, wato karatun da ya kai ga faifai, dama sifili ne ko kaɗan ne, toh matsalarka ba faifai ba ce, je ka nemi indes ɗin da babu ko istatistiks da suka tsufa.

Waɗanda nake ganin zai fi yi wa amfani su ne masu SQL Server Express a kan tsohuwar kwamfuta mai faifan juyawa, irin ta kantuna da shagunan magani, don Express ba ya riƙe fiye da 1,410 MB na shafuka a RAM komai yawan RAM ɗin injin, kenan yana yawan komawa faifai. Akwai kuma kuskuren nan na Windows mai lamba 665 da ke fitowa in gutsattsarin fayil sun yi wa NTFS yawa, a nan contig -a yana taimakawa ka gane inda ka dosa.

Abin da bai yi min ba, babu tagar dannawa sai rubutu, wanda bai saba da baƙin allo ba zai ɗan daburce. Ba ya ajiye tarihi, in kana son kwatanta watan jiya da na yau sai ka tura sakamakon cikin fayil da kanka. Kuma in faifan ya kusa cika babu dogon fili a jere, iya ƙoƙarinsa ya rage gutsattsarin, ba zai mayar da su ɗaya ba. Kafin ka bar shi ya matsar da komai ka ɗauki bakof ka tabbatar yana dawowa, ka tsayar da SQL Server, ka yi da dare. In ya gama ka shiga saitin fayil ɗin ka ba shi girman da zai ishe shi na dogon lokaci, ka canza ƙarin nan na 1 MB zuwa wani abu kaman 256 MB ko 512 MB, in ba haka ba nan da ɗan lokaci za ka sake ganin lambar ta hau.