Daga Tafiya Zuwa Bangon Falo: Waya ko Kyamara, Firem ko Kanbas?

Shekarun baya na tsaya gaban wani zaure a unguwar Birni ta Damagaram da hantsi, rana ta faɗo wa bangon a karkace, kowane layi na zanen ya fito da inuwarsa. Na zaro waya na ɗauka. Da na dawo gida maiɗakina ta gani, ta ce wannan ai bangon falo ya dace da shi, ba cikin waya ba. Na tura wa mai wankin hoto ta WhatsApp, na ce a yi min shi ƙato. Abin da aka kawo min, daga nesa zaure ne, daga kusa kuwa kamar an shafa koko a takarda. Na yi ta yi wa bawan Allah faɗa, ashe ni ne da laifi.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wace waya ko wace kyamara zai saya don hotunan tafiya da yake son ƙawata ɗaki da su, sai in ce ya fara ɗauko tef ya auna bango. Girman abin da za ka rataya shi zai gaya maka abin da za ka saya, ba mai shago ba.

Ga lissafin, ba shi da wuya. Hoto tarin ɗigo-ɗigo ne. Masu wanki na son ɗigo 300 a kowane inci idan hoton da za a riƙe a hannu ne, amma wanda za a kalla daga kan kujera, 150 ma ya wadatar. Hoto mai megafiksel 12, wato ɗigo miliyan 12, yana da ɗigo 4,000 a tsawo, 3,000 a faɗi. Wannan zai cika takardar A3, wato santimita 42 da kusan 30, tsaf ba tare da matsala ba, kuma zai kai A2 idan an ɗauke shi da haske mai kyau. Mai megafiksel 24 yana da ɗigo 6,000 da 4,000, shi kam har A1, mai tsawon santimita 84, zai iya. Nawa hoton kuwa WhatsApp ya matse shi ya koma ɗigo 1,600 ko kusa da haka kafin ya isa hannun mai wanki. Da na tura shi a matsayin fayil, ko na kai a filashi, da ba a yi wannan rigimar ba.

To, idan abin da kake so ƙananan hotuna ne, uku ko huɗu a jere a saman doguwar kujera, wayar da ke aljihunka ta isa, kada wani ya ruɗe ka. Sai dai a yi hattara da lambar da ake rubutawa a kwali. Za ka ga an buga 50, ko 108, ko 200 kamar na Samsung S23 Ultra, amma yawancin waɗannan wayoyin haɗa ɗigo huɗu, ko tara, ko sha shida suke yi su mayar da su ɗaya, a ƙarshe hoton da ke shiga rumbunka bai fi megafiksel 12 da 'yan kai ba, sai in kai ka shiga ka canza saitin. Abin da ke raba waya da waya shi ne girman farantin da ke karɓar haske, wanda ake kira sensa, da kuma ko tana da abin hana rawar hannu. Akwai wani abu kuma: waya tana yi wa hoto kwalliya da kanta. Tana ƙara wa sama shuɗi, tana goge abin da take ganin datti ne. A fuskar mutum wannan alheri ne, kuma wayoyin Tecno Camon sun yi suna wajen fito da baƙar fata da kyau. A bangon ƙasa kuwa ɓarna ce, domin kaushin yaɓe da ɓurɓushin ciyawar da ke cikinsa su ne kyan abin, ita kuma sai ta mulmule su ya zama kamar roba. In za ka sayi waya don wannan aikin, ɗauki hoton bango mai kaushi a bakin shagon, ka buɗe shi sosai da yatsu biyu, ka duba. A nan gaskiya ke fitowa.

Wanda yake son hoto guda ƙato da zai mamaye bango, shi ne zai fara tunanin kyamara. Sensar ƙananan kyamarori masu cire ido, wato gilashin gaban kyamara, takan kai milimita 23 da 15, ta ninka ta matsakaiciyar waya fiye da sau goma. Amfanin wannan yana bayyana ne a wuri mai duhu-duhu, irin cikin soro, inda haske ke shigowa ta 'yar taga guda a sama. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, kafin wani sashe nasa ya rufta a 2023, ya san abin da nake nufi: bakan gizon da ke riƙe da rufin yana cikin inuwa, waya takan cika shi da tsaki-tsaki, kyamara kuwa ta fito da shi sarai.

A nan zaɓi biyu ne. Na farko tsofaffin kyamarori masu madubi a ciki, irin Nikon D3500 da Canon 2000D, dukansu na 2018, dukansu megafiksel 24. Tun da manyan kamfanoni suka karkata ga marasa madubi, farashin waɗannan na hannu ya sauko, kuma a ganina su ne suka fi dacewa da mai farawa a ƙasarmu. Dalilina batir ne. An auna D3500 da hoto sama da 1,500 a caji ɗaya. Zaɓi na biyu shi ne mara madubi, irin Sony a6000, ƙarama ce mai daɗin ɗauka, tana shiga jakar hannu, amma nata batirin bai kai hoto 400 ba. Mutumin da zai yi kwana uku a garin da wuta sai an yi sa'a, ya san wanne zai ɗauka. Ga kuma ƙura. Mara madubi da zarar ka cire idon, sensarta a buɗe take, kuma canza ido a fili lokacin hunturu neman magana ne. Amma in nauyi ne damuwarka, ko kana yawan tafiyar jirgi da ƙaramar jaka, mara madubi ta fi. Kyamarar da aka bari a masauki saboda nauyi ba ta ɗauki komai ba.

In za ka sayi ta hannu, a Kano ne ko Abuja ko Ikeja, abu uku za ka duba kafin ka ƙirga kuɗi. Tambayi sau nawa ta ɗauki hoto, domin ƙananan nan an ƙera su ne su yi kamar dubu ɗari, kuma akwai hanyar gani daga fayil ɗin hoton. Haska tocila cikin idon, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, rima ce ta kama shi, ajiye musu kayansu. Sannan ka tsuke ƙofar hasken zuwa 16, ka ɗauki farin bango, duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito baƙi-baƙi. Farashi ban faɗa ba, domin yana bin dala, na yau daban na gobe daban.

Ido kuma ya danganta da abin da ke jan hankalinka. Wanda ke zuwa da kyamarar, mai milimita 18 zuwa 55, ya isa ga gine-gine da ƙofofi. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, da itatuwan da suka tsattsago daga jikinta, tana son ido mai faɗi da kuma ja da baya. Hawan Sallah a Kano kuwa, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2024, ba ya yiwuwa sai da dogon ido, don ba za ka shiga tsakanin dawakai ba. Sai dai gidaje da yawa a wurinmu ba sa rataya hoton mai rai, wasu don addini, wasu don ɗakin a nan ake sallah. Wannan bai rage komai ba. Zankwayen soro, dagi a saman ƙofa, jerin rijiyoyin rini a Ƙofar Mata da ruwan baba mai kumfa a bakinsu, tulin ƙore a kasuwar ƙauye, tayil masu shuɗi da fari na masallacin Sultan Ahmed a Istanbul ga wanda Allah ya kai shi: duk waɗannan ba su da fuska, kuma su ne ma suka fi zama lafiya da kujeru da labule.

Yanzu wanki. A nan mutane suka fi asarar kuɗi.

Mafi araha shi ne fileks, irin wanda ake buga fastar siyasa da ta biki. Kada ka yarda. Daga nesa ya yi, amma yana wari, yana sheƙi irin na leda, kuma ɗigonsa manya ne domin an yi shi ne don a kalla daga titi. Wasu kan buga a kansa su ɗaure a katako su ce maka kanbas ne. Juya bayan ka taɓa: kanbas na gaskiya yadi ne, za ka ji saƙar.

Kanbas ba shi da nauyi, ba ya ƙyalli ko da fitila na fuskantarsa, kuma saƙarsa tana rufa wa hoto asiri in ɗigonsa bai cika ba, shi ya sa ya dace da hoton waya da aka ƙara wa girma. Hoton bangon ƙasa a kansa gwanin sha'awa. Aibinsa ƙura. Tana shiga ramukan saƙar ta zauna, kuma jiƙaƙƙen tsumma yana iya cin launin idan ba a shafa masa abin kariya ba. Tambayi mai yi ko ya shafa, kuma ka tanadi burushi mai laushi.

Takardar hoto cikin firem da gilashi ita ce ta fi fito da ƙananan abubuwa, kamar zaren aska a wuyan babbar riga ko rubutu a jikin ƙofa, kuma hunturu bai dame ta ba, gogewa kawai. Zaɓi takarda mara ƙyalli, a kuma sa farin kwali tsakaninta da gilashin, in ba haka ba damina na zuwa hoton zai manne. Firem na garin katako da aka matse yakan kumbura in bango na tsatsafo, na alminiyom ko katakon gaske ya fi shi. In akwai yara masu ƙwallo a tsakar falo, a sa gilashin roba. Kada kuma a rataya shi daura da taga, in ba haka ba da rana labulenka za ka riƙa gani a ciki, ba hoton ba. Tawada ma iri biyu ce: mai garin launi ta fi jure rana, mai ruwan rini ta fi haske da farko amma ta fi saurin koɗewa. Mai wankin da ya kasa gaya maka wacce injinsa ke sha, ka yi gaba.

Abu na ƙarshe da na koya a wajen maiɗakina ne. Hoton zauren nan da muka sake wankewa yadda ya kamata, ba ta rataya shi nan take ba. Sai ta sa aka wanke ƙarami kamar tafin hannu, ta jefa a jaka ta tafi kasuwar Kantin Kwari da shi. Ta ɗora shi a kan yadi bayan yadi har ta samu labule mai launin makubar bangon, ta ɗauki shuɗin ƙofar ta yi matasan kujera da shi, ta ƙara tumtum biyu na fata. Allon waya ba ya wannan aikin, domin haskensa daga baya yake fitowa, launin da ka gani a ciki ba shi za ka gani a takarda ba. Ƙaramin hoton nan kuwa bai kai kuɗin kwanon abinci ba, kuma shi ya nuna mana cewa injin mai wankin yana ja zuwa kore, aka gyara kafin a buga babban.