Task Manager ko LatencyMon, wanne zai nuna maka abin da ke tsinka sauti?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena mai situdiyo a wajen Ƙofar Ƙaura ya ce in yana ɗaukar murya a manhajar haɗa sauti ta FL Studio sauti na ta ƙaraf-ƙaraf yana tsinkewa, ya buɗe Task Manager, wato wurin da Windows ke nuna nauyin aikin kwamfuta, ya ga CPU (furosesa) ko kashi 30 bai kai ba, wai ko ƙarin ram (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) zai sayo. Ƙanena, don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna, kashi 30 ɗin nan bai wanke kwamfutar ba.

Ga dalili. Bafa shi ne guntun sautin da kwamfuta ke shiryawa a lokaci guda kafin ta tura. In bafa ɗinka na kan samfur 128 kana aiki da samfur 44100 a sakan, abin da kwamfutar ke da shi na cika kowane bafa bai wuce milisakan 2.9 ba, in 512 ne kuma 11.6. Da ta makara ko sau ɗaya zaka ji ƙaraf. Shi kuwa Task Manager sau ɗaya a sakan yake sabunta lissafi, kuma matsakaici yake baka, to wani direba (manhajar da ke tafiyar da wani sashe na kwamfuta) ya riƙe furosesa na milisakan 5 ya sake, ina zai gani? Kamar mai ƙirga motocin da suka wuce shataletale ne a wuni, zai ce maka hanya lafiya lau, alhali ɗazu tirela ta gitta kowa ya tsaya cak.

Wannan tsayawar ita LatencyMon ke kamawa. Kamfanin Resplendence ne suka yi shi, akwai na kyauta, aikinsa auna tsawon lokacin da kowane direba ke riƙe furosesa, abin da ake kira DPC. Ka kunna shi, ka saki aikin naka yana bugawa kamar minti 15, sai ka shiga shafin Drivers ka jera su daga wanda ya fi daɗewa. In ka ga ndis.sys a sama to Wi-Fi ne ko netwok, kashe shi ka sake gwadawa. In ACPI.sys ne harkar batir da wuta ce, wannan shi ya fi addabar masu laftop, nvlddmkm.sys kuma na katin hoto ne na Nvidia. Sai dai fa shi sunan mai laifi kawai zai faɗa maka, gyara naka ne, kuma lambobinsa kan tsorata sabon shiga ya fara kashe direbobi barkatai har kibod ya daina aiki. Ɗaya bayan ɗaya ake yi.

Amma kar a raina Task Manager, akwai abin da shi ke nunawa cikin sauƙi ba sai ka sauke komai ba. Shiga Performance ka dubi Speed. In furosesarka ta 2.5 GHz ce kana ganin ta zauna a ƙasa da 1 ana tsakar aiki, to an rage mata ƙarfi ne, kuma mu nan Katsina abu biyu ke jawo haka. Na farko an ɗauke wuta laftop ya koma kan batir, Windows ta shiga tattali. Na biyu zafi, watan Afrilu a ɗaki rufe an manna soso a bango, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka tun Janairu ba a buɗe an kakkaɓe ba, wallahi ko sabuwar kwamfuta ce sai ta ja baya don kar ta ƙone. Sannan ka danna dama a kan zanen CPU ɗin ka zaɓi Logical processors, don in koa (sassan furosesa masu raba aiki) huɗu gare ka ɗaya ya cika maƙil sauran na hutawa, jimilla kashi 25 kawai za a rubuta, alhali wannan ɗayan da ka jibga wa filogin (ƙananan manhajojin gyaran sauti) a layin murya ya gama gajiya.

Ni a ganina da Task Manager zaka fara tunda minti biyu ne, in Speed daidai yake kuma babu koa da ya cika sai ka koma LatencyMon. Kafin nan ka sa caja, ka maida Power Options kan High performance, wasu laftop ɗin ba su da shi sai dai Best performance a saitin batir, ka kashe USB selective suspend don kar Windows ta riƙa kwantar da saunkad ɗinka (na'urar shigar da sauti da fitar da shi), kuma ka yi aiki da direban sauti na ASIO na saunkad ɗin kansa in yana da shi, ASIO4ALL na wanda ba shi da ne. Wajen miksin ka ɗaga bafa zuwa 512 ko 1024, ƙaramin bafa na lokacin ɗaukar murya ne kawai.

Maganar ram kuma, sai in ka ga Memory ya haura kashi 90, ko LatencyMon na ta ƙirga hard pagefaults (lokutan da kwamfuta ta rasa abu a ram sai ta ɗauko daga disk) a kan FL ɗin, sannan ka nufi kasuwa. Turo mana hoton shafin Drivers ɗin da na Performance mu duba tare.